Zanen Pesa Ya Tsaya a Rabi

"Leata! Ke Leata! Kwakwar nan sai gobe za ki gama kankare ta?"

Leata ta yi firgigit, saura ƙiris ta yanke yatsa. "Na kusa, Inna."

Ƙarya take yi, ko rabi ba ta kai ba. Hankalinta yana can ƙetaren filin gari, inda tun hantsi ake jin ƙas-ƙas-ƙas ɗin sandar mai zanen jiki babu hutu. Kowane bugu ɗaya, haƙoran ƙashi ne ke shiga fatar saurayinta Pesamino, wato Pesa, kuma saboda ita yake kwance a kan tabarmar nan.

Mahaifinta, Saumani, yana jingine da ginshiƙin gida yana shan iskar teku, ya ɗage zaninsa sama da gwiwa don kowa ya ga nasa zanen, baƙi ƙirin.

"Kin ji ko? Ko tari bai yi ba. Da alama yaron nan zai yi mutum."

"Ai dama mutum ne, Baba."

"Rufe min baki! Mutum da cinya fes kamar ta jariri?"

Maganar da ya faɗa wa Pesa ke nan ranar da ya zo neman aurenta: ba ya ba da 'yarsa ga wanda ba shi da pe'a, zanen nan na maza da ke tashi daga ƙugu ya sauka har gwiwa. Pesa bai yi musu ba, ya je ya kwanta. To amma kowa a tsibirinmu na Savai'i ya sani, gara kada ka fara da ka fara ka kasa. Wanda ya tashi daga tabarma zanensa bai cika ba, shi da tuɓe riga a gaban mutane har abada, kuma kunyar ba tasa ba ce shi kaɗai, har jikokinsa sai an yi musu gori.

Da la'asar Leata ta ɗauki gwaza da kifi a kwando ta nufi bakin teku, inda Pesa ke wanke raunukansa bayan an tashi daga aiki. Ta same shi zaune a kan dutse, an gama bayansa da cinya ɗaya, jikin duk ya kumbura yana sheƙi. Bai yi mata tsokanar da ya saba ba. Ko kwandon bai kalla ba.

"Lafiya? Ko zafin ne?"

"Da zafin ne ai da sauƙi."

"Pesa, kada ka tsorata ni. Mene ne?"

Ya buɗe baki da ƙyar, kamar ana zare masa maganar da ƙugiya. Ɗazu masu ja wa mai zane fata sun lura gefe ɗaya na marainansa ya fi ɗayan girma. Mai zane ya ce kaluluwa ce, kowa ma yana yi in an taɓa cinya, a shafa man kwakwa za ta sauka.

"To ai shi ke nan, kaluluwa ce."

"Ba ita ba ce, Leata. Kaluluwa a matse-matsi take fitowa, kuma tana zafi. Wannan a cikin ƙwan kansa yake, da tauri kamar tsakuwa, ko kaɗan ba ya ciwo. Tun kafin Kirsimeti nake jin sa. Girma yake yi."

Kunya ta rufe ta har kunnuwanta suka yi zafi, don tun da take babu namijin da ya taɓa yi mata irin wannan magana. Amma tsoro ya fi kunyar ƙarfi.

"Tun kafin Kirsimeti! Ga asibiti can bayan coci, me ya hana ka zuwa?"

Ya ɗago ya dube ta. "Wa ke asibitin?"

Nas ɗaya ce tal a asibitin garin, Oliana, kuma yayar Pesa ce uwa ɗaya uba ɗaya. Mu nan namiji ba ya ko zama tabarma ɗaya da 'yar'uwarsa, ba ya faɗin kalmar banza inda kunnenta zai ji, balle ya kwance mata zani. Pesa ya gwammace abin ya cinye shi da ya yi haka.

"Ka tashi," in ji Leata. "Ba kai za ka faɗa ba, ni zan faɗa."

Haka kuwa aka yi. Pesa ya zauna a baranda ya juya baya, Leata ta shiga ta raɗa wa Oliana a kunne. Fuskar Oliana ta canza nan take, ta dafe tebur. Ga ƙaninta nan taku kaɗan daga inda take, amma Leata take kallo.

"Tambaye shi, yana jin nauyi a wajen?"

"Wai kana jin nauyi?"

"Ki ce mata e."

"Ya ce e."

"Bayansa fa, yana ciwo? Yana tari?"

"Ki ce mata a'a."

Oliana ta sauke ajiyar zuciya, hawaye na bin kumatunta. "Ki gaya wa wannan sakaran, gobe jirgin ruwan safe zai hau zuwa Apia, babban birni. Akwai likita namiji, zan kira shi. Ki kuma gaya masa in ya mutu saboda kunyata, ba zan yafe masa ba."

Suka ce wa mai zane zazzaɓi ne ya sa za a huta kwana biyu, ba ƙarya ba ne kuma, jikin Pesa da zafi. A cikin jirgin ruwa ko zama bai iya yi ba saboda raunuka, ya tsaya riƙe da ƙarfe. Leata kuwa addu'a take ta yi a zuci, duk wadda ta kama sai ta ɓace mata a tsakiya.

Likitan dattijo ne mai furfura. Ya duba Pesa a bayan labule, ya tura shi ɗaukar hoto da gwajin jini, sannan ya kira su tare. Ya nuna wani hoto a bango da bironsa.

"Ga 'ya'yan maraina guda biyu a cikin jakarsu. Su ke yin ƙwayoyin haihuwa, su ke yin sinadarin da ke sa namiji ya zama namiji. A bayan kowanne akwai wani siririn bututu a nannaɗe, a nan ƙwayoyin ke ƙosawa. Daga nan igiya ta ɗauka ta hau ta matse-matsi ta shige ciki, jijiyoyin jini na biye da ita. Da kumburin a wannan bututun yake, da sai in ce ƙwayar cuta ce, in ba ka magani. Da ruwa ne ya taru a jakar, irin wanda sauro ke jawo wa tsofaffinmu, da na haska tocila haske ya ratsa. Na haska, bai ratsa ba. Abin a cikin naman ƙwan yake."

"Likita, ka faɗa mana kawai," in ji Pesa.

"Ina zaton cutar kansa ce, wato ciwon daji."

Leata ta riƙe gefen kujera.

"Ku saurare ni da kyau. Irin wannan tana jin magani ƙwarai in an kama ta da wuri. Amma tana tafiya, ta wannan igiyar take hawa ciki. Sai an cire ƙwan na dama gaba ɗaya, kuma ta matse-matsi za a yanka."

"A cire?" in ji Pesa. "To ni kuma na zama me?"

"Ka zama mai rai. Guda ɗaya yana aikin biyu, aure da haihuwa duka, in Allah ya so." Likitan ya dubi cinyar da ke tsattsafo da ruwa. "Wannan kuma a dakata. Ba zan yanka fatar da ke ruruwa ba, sai ta lafa. Duk sabon bugu ɗaya, ka ƙara nesa da tiyata, ita kuwa cutar ba ta jira."

Suka dawo gida. Da yamma, bayan ƙararrawar addu'a, Leata ta durƙusa gaban mahaifinta ta gaya masa, tana kewaye-kewaye da kalmomi. Saumani ya saurara har ƙarshe, sannan ya yi tsaki.

"Likitocin nan! Abin da ba ya ciwo shi ne zai kashe mutum? Ya gama zanensa, saura cinya ɗaya da ciki, sannan su yanka abin da za su yanka."

"Baba, an ce ba ta jira!"

"Ni ma ba na jira. In ya tashi daga tabarmar nan, ya tashi daga maganarki. Guntun zane, ga kuma rabin namiji? A gidana? Allah ya kiyaye!"

"Haba Baban Leata," in ji Inna a hankali, "ran ɗan mutane fa ake magana."

"Ke kuma wa ya sa da ke?"

A gidan su Pesa ma kukan da ake yi ke nan. Baffanninsa suka taru a kansa: sunan gidan, kabarin kakansa, abin da za a faɗa a taron gari. Kai, mutane! Yaro na tsaye a bakin rami, su kuwa ta abin da maƙwabta za su ce suke yi.

Washegari da hantsi Leata tana shanya wanki sai ta ji shi. Ƙas-ƙas-ƙas.

Rigar da ke hannunta ta faɗi ƙasa. Ba ta san lokacin da ta ratsa filin gari da gudu ba, babu ko takalmi. Gidan zanen cike yake da maza zaune a jere suna waƙar ƙarfafa gwiwa, mahaifinta a cikinsu. Ga Pesa kwance, ya rufe fuska da hannu, mutum biyu sun ja fatar cinyarsa ta dama, tawada da jini na gangarowa. Babu mai tsayawa a tsaye a gidan zane, kowa ya san wannan, don haka ta zube a gwiwa ta rarrafa har bakin tabarmar.

Waƙa ta tsaya cak.

"Leata!" Saumani ya daka mata tsawa. "Fita!"

Ba ta motsa ba. Ta dubi tsohon mai zane.

"Baba, ka gafarce ni. Ba kaluluwa ba ce. Likita ya ce kansa ce a marainansa, in ba a cire da wuri ba za ta hau cikinsa ta kashe shi."

Wayyo! Budurwa ta faɗi wannan kalma a gaban dattawan gari! Wasu suka sunkuyar da kai, wani ya rufe baki da hannu. Saumani kamar ƙasa ta tsage ya shige.

"Leata, don Allah ki tafi," in ji Pesa ta ƙarƙashin hannunsa. "Saboda ke nake yi."

"Saboda ni? To ni ban ce ka mutu ba! Me zan yi da zane in babu kai? In je kabari in riƙa kallonsa?" Kuka ya ƙwace mata. "Wallahi tsoro nake ji, Pesa. Tun jiya ban iya haɗiye ko ruwa ba. Ka tashi, ko duk garin nan zai yi maka dariya ni ba zan yi ba. Ka tashi!"

Tsohon ya dubi Pesa. "Gaskiya ta faɗa, yaro?"

Pesa ya gyaɗa kai, hawaye na gangarowa cikin kunnensa.

Tsohon ya ajiye sandarsa, ya sa kayan aikinsa cikin kwano. "Ni masu rai nake yi wa zane. Je ka nemi lafiya. In ka dawo ina nan, in kuma na riga ka tafiya, ɗana ya san hannuna."

Saumani ya miƙe ya kakkaɓe zaninsa. "To, kowa ya shaida. Babu aure."

Ranar tiyata Leata da Oliana ne a kan bencin asibiti, riƙe da hannun juna. Can likitan ya fito.

"An cire lafiya. Sauran sai abin da gwaji ya nuna."

Jiran gwajin nan ya fi tiyatar azaba. Leata ta rame, idanunta suka faɗa, ko waya ta yi ƙara sai ta zabura. Da sakamako ya zo, kansa ce kamar yadda aka zata, kuma ta fara taɓa wasu 'yan ƙulle-ƙulle a cikin ciki. Likitan ya ce da an ƙara jinkiri da labarin ya sha bamban. Aka tura Pesa birnin Auckland, can ƙasar waje, shan magani mai ƙarfi.

Ya dawo ba gashi a kansa, ya zama kamar sanda. Garin kuwa bai raga masa ba. In ya wuce, samari su yi ta tari suna cewa, "Ga Guntu nan!" Wani mara kunya har ya tambaye shi ko yanzu gefe ɗaya yake karkata in yana tafiya. Pesa ya daina zuwa kamun kifi da tsakar rana, ya daina wasan ƙwallo, duk zafin gari yana cikin riga. Saumani ya hana shi taka ƙofar gidansa.

"Ki haƙura da ni, Leata," ya ce mata wata rana bayan coci. "Ga samari nan cikakku."

"Cikakku da me? Da surutu?"

"Ba a ma tabbatar zan haihu ba. An ce maganin kan taɓa ɗayan."

"Na ji. In mun samu mun gode, in ba mu samu ba 'ya'yan Yaya Oliana sun ishe mu hayaniya. Ka ƙara yi min wannan maganar ka gani."

Duk sanda zai koma gwajin jini, tsoron nan sai ya dawo mata sabo fil. Haka suka yi ta yi, damina ta wuce, wata ta zo ta wuce. Ba ta yi wa mahaifinta rashin kunya ba ko sau ɗaya, tana dafa masa abinci, tana wanke masa kaya, amma duk wanda ya aiko neman aurenta amsa ɗaya take bayarwa.

Ranar da likita ya ce jininsa ya yi kyau, jikinsa zai iya ɗaukar zane, Pesa ya tafi wajen tsohon da murnarsa. Ya dawo jiki a sanyaye. Ba a yi wa mutum zane shi kaɗai, dole sai da abokin kwanciya da za su raba zafin tare, wanda suka fara da shi kuwa tuni ya gama ya tafi ci-rani. Pesa ya bi samarin gari ɗaya bayan ɗaya. Wannan ya ce bai shirya ba, wancan ya ce uwarsa ta hana. Gaskiyar ita ce babu mai son haɗa tabarma da wanda ya taɓa tashi, wai kada baƙin jininsa ya shafe su.

"Shi ke nan," in ji Pesa. "Haka zan mutu Guntu."

Leata ce fa wadda ko allurar rigakafi za a yi mata sai an riƙe ta. Duk da haka ta dube shi.

"Mace tana iya zama abokiyar kwanciya, ko ba haka ba? In za a yi mata malu."

Malu shi ne zanen mata, daga cinya zuwa ƙasan gwiwa. Bai kai na maza yawa ba, amma haƙoran ƙashin ɗaya ne.

"Ke? Ke da kika suma ranar da ƙugiya ta shiga yatsana?"

"To sai in suma. In na farfaɗo a ci gaba."

Da ta nemi izinin mahaifinta, kallonta kawai ya yi, bai ce e ba, bai ce a'a ba. Inna ce ta ce, "Je ki, 'yata."

Aka shimfiɗa tabarma biyu. Da Leata ta ga kwanon kayan aikin, sai ta ji fitsari ya kama ta. Bugun farko ta ƙwalla ƙara har karnukan gari suka amsa. Na biyu ta ciji zaninta. Pesa na gefe yana cewa, "Sori, Leata, sori," ita kuwa tana cewa, "Yi min shiru, kai dai ka kwanta!"

Gidan babu mutane sosai, don da yawa sun ƙi zuwa, waƙar ma ba ta da ƙarfi. Can tsakar rana, zafi ya kai mata iya wuya, ta fara ganin duhu-duhu, sai ta ji wata murya mai kauri ta ɗauki waƙar daga bayanta. Ta san muryar. Iska mai sanyi ta fara sauka a fuskarta. Ta buɗe ido da ƙyar: Saumani ne zaune a gefen kanta da mafici a hannu, yana waƙa hawaye na zuba cikin gemunsa.

Da aka tashi, bai dubi 'yarsa ba, Pesa ya duba. Idonsa ya sauka kan tabon tiyatar da ke matse-matsin Pesa, ya daɗe a wurin.

"Ni na kwanta an yi min nawa ban tashi ba, ina ta taƙama," ya ce. "Amma da ni aka ce in tashi gari ya yi min dariya, da ban iya ba, da na mutu a kwance. Na kusa kashe ka da bakina, ɗana. In an rufe cibiyarka da zane, ka turo manyanka."

Aka gama zanen Pesa har cibiya, tsohon ya bi ta kan tabon da tawada. Aka ɗaura aure a cocin garin, Oliana ta yi rawa har ta rasa takalmi ɗaya. Haihuwa ta yi jinkiri, sun sha jira da addu'a, amma ta zo: 'ya mace, mai ƙarar murya irin ta uwarta.

To, samari, ku ji da kyau. Babu wani sashe na jikinku da ya fi ƙarfin a duba shi. In ka ji ƙullutu ko tauri a marainanka, ko da ba ya ciwo, musamman ma in ba ya ciwo, kada ka jira, kada ka shafa mai ka yi shiru, ka nemi likita. Ku kuma iyaye, surutun gari yana wucewa, amma ɗan da aka binne ba ya dawowa. Leata ta ji tsoro kamar kowa, ta ji kunya kamar kowa, sai dai ta buɗe baki a ranar da shiru zai yi kisa, sannan ta yi haƙuri har Allah ya ba ta mijinta da ransa.